Masu Zuwa Kaulaha, Ku Ɗan Ratse Ta Bakin Ruwan Dakar



Duk shekara idan watan Maulidi ya tsaya, jirage kan kwashi mutanenmu daga Kano da Abuja da Yamai da Akara zuwa ƙasar Senegal, ziyarar Madina Baye a Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass. Masu ƙarfin hali ma ta mota suke bi, kwana da kwanaki. Zumuncin ya daɗe, domin tun da Shehu ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937, ƙafa ba ta ɗauke ba tsakanin ƙasar Hausa da Kaulaha. To amma tare wanda ya dawo ka ce masa, "Alhaji, yaya ka baro Dakar?" Sau tari amsar ita ce, "Wallahi ta tagar jirgi na hango ta." Ban ga laifinsa ba. Tun watan Disambar 2017 aka daina sauke fasinja a tsohon filin jirgin Yof da ke cikin gari, aka koma sabon filin Blaise Diagne, kusan kilomita 50 daga birnin. Kana fitowa, hanyar Kaulaha ta yi kudu maso gabas, Dakar kuwa tana can yamma a bayanka. Sai mutum ya je Senegal sau biyar bai taɓa tsoma ƙafarsa a teku ba.

Sharhina na yau roƙo ne ga irin waɗannan matafiya. Idan an shafa addu'a an sallami baƙi, a ware kwana biyu a ratse ta bakin ruwan Dakar. Na san abin da wani zai ce, an sha faɗa mini: ai bakin teku wurin Turawa ne da 'yan holewa, me mai rawani zai je nema? Mai wannan zato otal-otal ya gani a talla. Da ya je, da ya tarar yawancin gaɓar nan a hannun masunta take, masu salla da casbaha, kuma a bakin ruwan ne aka binne shehunansu, aka gina masallatansu, aka ajiye wani yanki na tarihin da ya shafe mu mu ma.

Dakar zaune take a kan zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika kamar hannun da aka miƙa. Ruwa ta arewa, ruwa ta yamma, ruwa ta kudu, mafita ɗaya tak ta gabas. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Dinis Dias, ya iso wurin a 1444 bayan ya daɗe yana bin gaɓar Sahara ba ya ganin komai sai rairayi, da ya hango itatuwa sai ya raɗa masa suna koren ziri, wato Cap-Vert a bakin Faransawa. Yau in ya dawo sai ya nemi a sake sunan. Mutum kusan miliyan 4 ne suka cunkushe a yankin Dakar, fiye da kashi ɗaya bisa biyar na al'ummar ƙasar, a filin da bai wuce murabba'in kilomita 550 ba. Siminti ya cinye koren.

Masu ƙasar na asali su ne Lebu, masunta tun kaka da kakanni. A wajajen 1790 suka yi wa Damel, sarkin Kayor, tawaye, suka kafa mulkin kansu ƙarƙashin malamai, da wani shugaba mai laƙabin Serin Ndakaru, sarautar da har gobe ana naɗa ta. Faransawa sai a 1857 suka kafa sansani a Dakar. Ƙauyukan Lebu, su Yof da Ngor da Wakam da Han, birni ya haɗiye su amma bai narkar da su ba. Kana tafe a kan titi mai kwalta tsakanin benaye, ka karya kwana, sai ga ka a lungun rairayi da tumaki a ɗaure, da koma a shanye a kan katanga, da dattawa a inuwa suna ɗinkin taru.

In ni zan yi muku ja-gora, daga Sumbejun za mu fara, bayan la'asar. Wani lungun teku ne a yammacin gari inda kwalekwale ke dawowa daga kamun yini. Kwalekwalen nasu dogaye ne, an yi musu fenti ja da rawaya da shuɗi, an rubuta sunan shehin mai jirgin ko na mahaifiyarsa a jiki, kamar yadda direbobinmu ke yi wa manyan motoci. Jirgi na taɓa rairayi samari za su afka ruwa har ƙirji, su ɗauko akwatunan kifi a ka, su sheƙo da gudu, mata 'yan kasuwa na jiransu da wuƙaƙe da faranta. Ka zaɓi kifinka, a gyara, a gasa maka nan take da albasa da lemon tsami. Mutumin Maraɗi ko Damagaram ba zai sha wuyar lissafi ba: sefar da ke aljihunsa ita ake kashewa, kuma yadda yake ƙirga dala a kan faran 5, haka su ma suke ƙirga abin da suke kira derem. Ɗan Najeriya ne zai ɗan daburce kwana ɗaya. Ciniki kuwa irin namu ne, wanda ya biya kuɗin farko ya yi sadaka.

Daga nan Sumbejun, in ka dubi yamma, za ka hango wasu baƙaƙen duwatsu a tsakiyar ruwa, tafiyar kilomita 4 ko ƙasa da haka. Su ne tsibiran Madeleine, gandun da gwamnati ta keɓe tun 1976. Ba kowa a kansu sai tsuntsayen teku. Lebu sun ce gidan Leuk Daour ne, aljanin da ke tsaron Dakar, kuma ba ya son maƙwabci, shi ya sa duk wanda ya gwada gini a wurin bai ƙarasa ba. Kwalekwale kan shiga ta wata 'yar kafa tsakanin duwatsu ya sauke ka a wani kududdufi mai ruwa garai-garai. Abin da ya tsaya mini a rai a can wata kuka ce. Mu da muka san kuka da tsayi da kwarjini, can iskar teku ta hana ta miƙewa, sai ta kwanta ta bazu a ƙasa kamar kabewa. Na ce a raina, kuka da aljani dai, ko a tsakiyar teku ba sa rabuwa.

Titin da ya bi gaɓar yamma, da yamma liƙis yakan cika da masu motsa jiki, ɗaruruwa, maza da mata, wasu na gudu wasu na ɗaga ƙarfe. A kan rairayi kuma 'yan kokawa na atisaye. Kokawarsu ta manyan filaye, wadda suke kira lamb, an haɗa ta da naushi, kamar a ce an zuba dambe da kokawa a tukunya ɗaya, kuma zakarunta sun fi 'yan ƙwallon cikin gida suna da kuɗi.

Ka ci gaba arewa kaɗan, titin zai hau tudu, ka leƙa ƙasa ta hagu. A can gindin dutse, a bakin wani lungun ruwa mai siffar ƙwarya, ga masallaci da dogayen hasumiyoyi biyu, igiyar ruwa na bugun katangarsa, kwalekwale jere a gabansa. Wannan shi ne masallacin Wakam, wanda suke kira da Faransanci Mosquée de la Divinité. Wani malami, Muhammad Seyni Guèye, ya ce a mafarki aka nuna masa shi, shi da almajiransa suka gina da hannunsu, aka gama a 1997. Na yi magariba a can. Liman na karatu, teku na amsawa daga bayan sahu, kuma mutumin da ke kusa da ni ƙamshin kifi yake, ga alama daga jirgi ya sauko ya yi alwala ya shigo. Wanda ya ce bakin teku ba wurin mai rawani ba ne, nan nake so a fara kai shi.

A saman Wakam akwai tagwayen tuddai, ragowar dutse mai aman wuta na zamanin da. Faransawa suka kira su Mamelles, wato nonuwa, ba su ji kunya ba. A kan ɗaya aka kafa ƙaton mutum-mutumin nan na tagulla mai tsayin mita 49, namiji da mace da jariri, wanda Shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe a watan Afrilun 2010, ƙasar na cika shekara 50 da 'yanci. Wani kamfanin Koriya ta Arewa ne ya ƙera shi, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 27. An sha rigima. Limamai suka ce gunki ne, kuma suturar macen ba ta kai ba. Talakawa suka ce ana ɗauke wuta ana ambaliya a unguwanni, ina amfanin tagulla. Shi kuma shugaban ya ƙara wa wutar fetur da ya ce kashi 35 cikin 100 na kuɗin shiga nasa ne, tunda shi ya kawo tunanin. Ni dai ra'ayina, in gwiwarka za ta ɗauki matakala kusan 200, hau, don daga can za ka ga zirin gaba ɗaya kamar a tafin hannu. Amma ɗaya tudun ya fi burge ni. A kansa akwai farar hasumiyar fitila da aka gina a 1864, har yau tana juyawa kowane dare tana nuna wa jirage hanya daga nisan fiye da kilomita 50.

Daga nan sai Almadi, ƙarshen ƙasa. Duk faɗin nahiyar Afirka, in aka cire tsibirai, babu inda ya kai nan yamma. Rana kan faɗi a nan fiye da awa ɗaya da rabi bayan ta faɗi a Kano, saboda haka da azumi kun sha ruwa kun yi tarawihi su suna nan suna duban agogo. In ka miƙe cikin ruwa, ban da tsibiran Cape Verde da suka ari sunan zirin, ba ka da masauki sai nahiyar Amurka. Sai dai a nan ne raina ya ɓaci. Na nufi ainihin bakin dutsen na ƙarshe, wani mai gadi ya tare ni da ladabi ya ce filin na wani otal ne, ba a shiga. Ƙarshen Afirka guda, an kewaye shi da katanga. Unguwar Almadi yanzu ta masu hannu da shuni ce da ofisoshin jakadanci, kuma ciwon da ke cinta ya bi gaɓar duka: wuraren da yara ke wanka shekaru 30 da suka wuce sun zama benaye da wuraren cin abinci masu ƙofa da mai gadi. Mutanen Dakar sun daɗe suna kuka a kan wannan wawason, har gwamnatin Shugaba Bassirou Diomaye Faye, da hawanta a 2024, ta dakatar da gine-gine a bakin ruwan don a binciki yadda aka raba filayen. Mu da muka ga yadda filayen idi da makarantu da maƙabartu ke zama shaguna a biranenmu, ba sai an yi mana fassara ba.

Ngor na kusa, da ɗan tsibirinta da ake fito cikin minti biyar. Ruwan tsakaninsu a kwance yake, iyalai na zuwa da yara ranar Lahadi. Ta bayan tsibirin kuwa igiyar ruwa ce mai tsayin ɗaki, inda samarin Lebu da baƙi ke hawa kan allo suna sulu a kanta. Ka sha kallo, ka ci gasasshen kifi, ka wuce.

Yof ce ke buƙatar zama. Rairayinta fari ne, mai faɗi, ya miƙe iya ganinka. A bakin ruwan akwai farin hubbare mai koren ƙubba, makwancin Seydina Limamou Laye, masuncin da ya fito da kiransa a watan Sha'aban na shekarar 1301 ta Hijira, Faransawa suka tsare shi a tsibirin Gore a 1887, ya rasu a 1909. Mabiyansa, 'yan Layen, sun yi imani shi ne Mahadi. Maganar ba ta karɓu ba wajen malaman sauran ɗariƙu, kuma ba a wannan fili za mu yanke mata hukunci ba. Abin da baƙo zai gani da idonsa shi ne tsabta da fararen kaya, da zikiri cikin rauji kafin salla, da wata al'ada da ta ba ni sha'awa: suna kiran junansu Laye, kowa da kowa, don kada sunan gida ya nuna wane ne ɗan masu sarauta, wane ne ɗan maƙera ko maroƙa. A kewayen hubbaren ba a shan taba, ba a yawo da ɗamammun kaya, ana cire takalmi tun daga kan rairayi. Kuma a cikin wannan garin dai, wasu lunguna kaɗan daga nan, mata na yin ndep, wasan warkar da wanda iskoki suka taɓa, da kiɗa da yanka, abin da duk wanda ya san bori zai gane da gani ɗaya. Sun daɗe suna zaune tare.

A Yof ne kuma za ka ji kukan masunta in ka zauna shan shayi da su, shayin nan ataya mai zagaye uku. Kifi ya ja baya. Cof, babban kifin da ake taƙama da shi a cikin cebujen, shinkafa da kifin da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2021, ya zama na masu kuɗi. Yaboy, ɗan ƙaramin kifin talaka, masana'antu na saye suna niƙawa su mai da shi gari, a fitar waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobin wasu ƙasashe. Manyan jiragen kamun kifi na ƙetare na share teku da dare. Yarjejeniyar kamun kifi da Tarayyar Turai ta ƙare a Nuwambar 2024 ba a sabunta ba, amma masunta za su gaya maka jirage da yawa tutar Senegal suke ɗaurawa, masu su kuwa suna wata nahiya. To saurayin da ya gaji jirgi da inji, ya fita kwana uku ya dawo bai mai da kuɗin mai ba, me zai yi da jirgin? Sai ya loda mutane ya nufi tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, tafiyar kusan kilomita 1,500. A 2006 fiye da mutum 30,000 suka isa can ta ruwa daga gaɓar Afirka ta Yamma, a 2024 suka haura 46,000, ban da waɗanda teku ta riƙe. Kirarin tafiyar a bakin samarinsu shi ne Barsa ko Barzahu. Namu yaran ta Agadas suke bi, rairayi ya cinye su, nasu ruwa.

Gargaɗi ɗaya kafin mu bar wannan gefe, kuma da gaske nake. Gaɓar arewa, daga Yof zuwa Gejawaye da Malika, ruwanta na ja ta ƙasa. Da yawa daga wuraren hukuma ta hana wanka, amma duk lokacin zafi sai an yi jana'izar yara. Iyon da ka koya a kududdufin unguwa ko a Tiga ba shi ne wannan ba. Tsoma ƙafa, ɗebi ruwan ka ɗanɗana gishirin in kana so, ka koma gefe.

Kwana na biyu na Gore ne. Jirgin fito na tashi daga tashar jiragen ruwan Dakar, minti 20 ka isa. Ka riƙe fasfo, ɗan Afirka kuɗinsa bai kai na Bature ba. Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, babu mota ko ɗaya, sai lunguna na rairayi da gidaje masu launin ja da rawaya, furanni na zubowa ta kan katanga. Kyansa har ya yi yawa, in ka tuna abin da ya kawo ka. Fotugal ta riƙe shi, Holan ta karɓe ta ba shi sunan, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ta sha karɓa tana mayarwa. A 1978 yana cikin wurare 12 na farko da UNESCO ta fara sa wa hannu a duniya.

Gidan Bayi, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, ba shi da girma. Matakala biyu ne suka lanƙwasa suka hau bene, inda masu gida ke zaune suna shan iska. A ƙasa ɗakuna ne masu duhu, na maza daban, na mata daban, na yara daban, da wani kurmi a ƙarƙashin matakala inda ba a iya miƙewa tsaye, na masu taurin kai. Tsakanin matakalan wani siririn lungu ya miƙe zuwa ƙofa ɗaya da ke buɗewa kan teku, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Nelson Mandela ya zo, Fafaroma John Paul na biyu ya zo a 1992 ya nemi gafara, Barack Obama ya tsaya a bakin ƙofar a 2013. Mutumin da ya raya gidan, Boubacar Joseph Ndiaye, ya shafe fiye da shekara 40 yana ba da labarinsa har ya rasu a 2009.

A nan akwai maganar da ya kamata mai sauraro ya sani, don kada a yi masa kwalliya da lissafi. An daɗe ana gaya wa baƙi cewa miliyoyi ne suka fita ta wannan ƙofa. Masana tarihi da suka bi takardun jirage ɗaya bayan ɗaya, irin su Philip Curtin, sun nuna ba haka ba ne. Cikin mutum kimanin miliyan 12 da rabi da aka loda zuwa nahiyar Amurka, waɗanda suka bi ta Gore dubbai ne, manyan kasuwannin suna can kudu, gaɓar Benin da Najeriya da Kwango da Angola. Wasu mutanen Senegal na jin zafin wannan gyara, kamar ana rage musu makoki. Ni ban ga abin da ya ragu ba. Ɗakin yaran nan yana nan, ka shiga ka auna shi da taku.

Kakanninmu da aka sayar, galibi ba ta nan suka bi ba. Ta Legas da Badagiri da Wida aka fitar da su, da yawa zuwa Bahia a ƙasar Barazil, inda Hausawa suka yi ta tayar da ƙayar baya tun daga 1807, kuma a tawayen Musulmi na watan azumin 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki, an samu Hausawa, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Amma wa ya kai su bakin ruwan? Bature bai zo Katsina ko Zazzau ya kama kowa ba a wancan zamani. Yaƙe-yaƙenmu ne suka samar da su, fatakenmu suka kora su kudu. Kasuwar bayi ta Kano sai da Turawan Ingila suka ci garin a 1903 aka rufe ta, kuma sai 1936 doka ta soke bauta kwata-kwata a Arewacin Najeriya. A Nijar sai 2003 aka mai da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin ƙasarta, yarinyar da aka sayar tana 'yar shekara 12. Har yau akwai gidajen da in za a ba da aure sai an bincika ko kakan yaro ɗa ne. Na ga mutanenmu a bakin ƙofar nan suna Allah ya isa ga Turawa, kuma sun cancanta. Ni dai da na tsaya a wurin, tunanin waccan tambayar ta neman aure ne ya hana ni sakewa.

Mutanen Nijar kuma suna da wani gida a Gore da ya kamata su nema. Daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930, a tsibirin nan makarantar William Ponty take, inda Faransa ke tara zaƙaƙuran yara daga duk ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma ta mai da su malamai da akawuna. Boubou Hama a nan ya yi karatu, haka Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, haka Modibo Keita na Mali da Houphouët-Boigny na Kodebuwa. Ka ƙiyasta yaron da ya taso a bakin Isa ko a tudun Zabarma, bai taɓa ganin ruwan da ba a hango gaɓarsa ba, an ɗora shi a jirgi an ajiye shi a kan dutse a tsakiyar teku shekara uku. Daga Dakar ake mulkin Nijar a lokacin, tun da aka mai da birnin hedikwatar yankin a 1902. A can saman tsibirin kuma akwai manyan igwa da suka yi tsatsa, ragowar zamanin da Janar de Gaulle da jiragen Ingila suka zo karɓar Dakar a Satumbar 1940 aka kore su. Ƙasa da su, a gefen dutse, ga wani tsohon masallacin dutse yana kallon ruwa, a nan za ka yi azahar kafin jirgin komawa.

In lokaci ya rage, jirgin ƙasa na zamani da aka buɗe a Disambar 2021 yana tsayawa a Thiaroye, a wuyan zirin. A barikin garin ne, ran 1 ga Disambar 1944, sojojin Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka wuta, mutanen da suka yi wa Faransa yaƙi, suka sha ɗaurin Jamus, suka dawo suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi na cewa ɗaruruwa ne, kuma sai bayan shekara 80 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan gilla. Sunan rundunar na Senegal ne, amma daga duk yankin aka ɗebo su. Maƙabartar na nan, kaburbura farare ba suna.

Lokacin zuwa kuwa, daga Disamba zuwa Afrilu gari na da sanyi da iska, ruwan teku kamar na randa. Damina daga Yuli zuwa Oktoba, da zafi da gumi da ambaliya a unguwannin bayan gari. Maulidi yana zagayawa, saboda haka kowa ya duba a wane yanayi nasa zai faɗo. Kalmomi biyu na harshen Wolof sun isa buɗe fuska: nanga def, wato yaya kake, da jerejef, na gode. Sauran sallama ce, ita kuwa iri ɗaya ce.

Daren da zan taso na bi ƙamshin hayaƙi a wata unguwa har na iso wata rumfa da aka rubuta wa dibi Hausa. Haka mutanen Dakar ke kiran tsire da balangu irin namu, don mahautan Nijar ne suka kai musu, da yajin ƙuli da komai. Na yi sallama da Hausa, mai tukubar ya ɗago kai da sauri, dattijo ne daga wajen Tawa. Muka gaisa, ya tambayi damina, ya tambayi farashin hatsi, ya ce shekararsa 11 a garin. Na ce, "Baba, to ka taɓa haye wa Gore?" Ya yi dariya yana juya nama, ya ce, "Malam, ni da na zo neman abinci, me zai kai ni cikin ruwa? Kullum dai ina hango ta." Ya naɗe mini naman a takarda, ya ƙara yanka biyu a kai ya ce na hanya ne, ya ce in na isa gida in gaida mutane.

To ga gaisuwar na isar.